Yadda Ake Nazarin Haske, Sutura da Wurin Ɗauka a Fim

Mafi yawan sharhin fim da muke karantawa da Hausa maimaita labari ne: wane ya so wance, iyaye suka hana, a ƙarshe aka ɗaura aure ko aka rabu. Sai a rufe da cewa jarumi ya yi ƙoƙari, fim kuma ya faɗakar. Alhali kafin ɗan wasa ya buɗe baki, idon mai kallo ya riga ya yanke hukunci a kansa: mai kuɗi ne ko talaka, abin yarda ne ko abin tsoro, yana cikin walwala ko a takure yake. Abubuwa uku ne suka fi yin wannan aiki, wato hasken da aka haska shi da shi, kayan da ke jikinsa, da wurin da aka tsayar da shi. Ga hanyar da nake bi wajen nazarinsu. Za ta yi wa ɗalibi mai rubuta kundi amfani, haka mai sharhi a Facebook, haka wanda ke son shiga harkar fim yana neman wasa idonsa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne fim ɗin kansa, amma kwafi mai kyau. Wanda masu turi suka matse don ya shiga ƙaramar memori ba zai yi ba, domin inuwa ce matsewar take fara cinyewa, duk wuri mai duhu sai ya koma baƙin dunƙule, launin kaya kuma ya dusashe. In a YouTube za ka kalla, ɗaga ingancin hoto zuwa 720 ko sama da haka. In data ta yi ƙaranci, kalli fim ɗin duka a ƙaramin inganci, ka ɗaga shi a wuraren da za ka nazarta kaɗai.

Na biyu, na'urar da za ta ba ka damar tsayar da hoto. A kwamfuta, manhajar VLC ta wadatar, kuma kyauta ce. In ka danna harafin E, fim zai matsa hoto ɗaya tak, in ka haɗa Shift da S kuma za ta ɗauki hoton abin da ke kan allo ta ajiye maka. A YouTube na kwamfuta, bayan ka tsayar da fim, maɓallin aya yana matsawa gaba hoto ɗaya, na waƙafi yana dawowa baya. Wanda ba shi da kwamfuta ya yi da waya: ya rage gudun fim zuwa 0.25, ya riƙa tsayarwa yana ɗaukar hoton allo. Ka duba saitin wayarka ka kashe abin nan da ke mayar da allo rawaya-rawaya da dare don kare ido. In ka bar shi a kunne, za ka yi ta rubutu a kan launin da ba darakta ne ya sa shi ba.

Na uku, littafi da biro. Tsaga shafi gida huɗu: lokaci, haske, sutura, wuri. Bar fili a gefe don tambayoyin da za su taso maka. Sai ɗaki mai ɗan duhu, domin kallo a tsakar gida da rana tsaka ba ya nuna bambancin inuwa.

1. Kalli fim ɗin duka, biro a ajiye

Kallon farko na jin daɗi ne. Kada ka tsayar, kada ka rubuta komai. Bayan ya ƙare, rubuta layi biyu kacal: wane ne ya canza tsakanin farkon fim da ƙarshensa, kuma wace fitowa ce ta tsaya maka a rai. In shiri ne mai dogon zango irin waɗanda ake haskawa duk mako, kada ka ce sai ka gama zango guda. Ɗauki kashi biyu ko uku a jere.

2. Zaɓi fitowa uku na mutum ɗaya

Masu farawa kan so su nazarci fim ɗin gaba ɗaya, sai su ƙare da magana sama-sama a kan komai. Zaɓi mutum ɗaya, wanda ka ce ya canza, ka ɗauko fitowarsa uku: ta farkon da aka nuna shi, wadda al'amari ya juya masa, da ta kusa da ƙarshe. Kowacce kada ta wuce minti uku ko huɗu. Dalilin zaɓen uku shi ne, ma'ana a fim daga kwatance take fitowa. Farar shadda a fitowa ɗaya farar shadda ce kawai. Amma in mutumin da muka saba gani cikin fararen kaya ya bayyana cikin baƙaƙe ranar da ya ci amanar abokinsa, nan an yi magana.

Ka guji farawa da fitowar rawa da waƙa. A finafinan Hausa da na Indiya, wannan ɓangare dokarsa daban ce: ana canza kaya sau da yawa a waƙa ɗaya, a tashi daga lambu a koma bakin ruwa ba tare da labari ya kai su can ba. Yana da nasa nazarin, amma ba da shi ake koyo ba.

3. Kashe sauti, ka rubuta abin da ido ya gani kaɗai

Kashe sautin gaba ɗaya ka kalli fitowar sau biyu. Finafinanmu magana ta yi musu yawa, in ka bar ta kunne zai rinjayi ido, ka riƙa ganin abin da aka faɗa maka maimakon abin da aka nuna maka. A kallo na uku, duk inda aka yanka hoto aka koma wani ɓangare, tsayar ka ɗauki hoto, ka rubuta minti da daƙiƙa.

Yanzu cika gidajen nan na littafinka, da sharaɗi ɗaya: ban da fassara. Kada ka rubuta "haske mai ban tausayi" ko "kayan mutunci". Rubuta "haske daga hagu, rabin fuskar dama a duhu", "atamfa kore da ta koɗe, mayafi ƙarami a kafaɗa", "katifa a ƙasa, bango ba fenti, taga ɗaya a rufe". Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma rabin aikin a nan yake. Wanda ya yi gaggawar fassara yakan ga abin da yake so ya gani.

4. Haske

Tambayoyi huɗu za ka yi wa kowane hoto.

Daga ina hasken yake zuwa? Kada ka nemi fitilar, nemi inuwa. Dubi ƙarƙashin hanci da haɓa: inda inuwa ta faɗi, haske daga ɗaya ɓangaren yake. Dubi ƙwayar ido kuma, za ka ga ɗan farin ɗigo, shi ne hoton fitilar da ke haska mutumin. Tsarin da aka fi koyar da masu ɗaukar hoto na fitila uku ne: babba wadda ke haska fuska daga gefe guda, ƙarama a ɗaya gefen don rage duhun inuwa, da ta baya wadda ke zana haske a kafaɗa da gefen kai don raba mutum da bango. In ka san wannan, sai ka riƙa tambaya wacce aka cire. In an cire ƙaramar, fuska za ta rabu biyu, rabi haske rabi duhu, abin da ake yawan yi wa mai ɓoye wani abu ko mai shawara biyu a zuci. In ta baya ce kaɗai aka bari, mutum ya zama baƙar siffa ba a ganin fuskarsa. Hasken da ya taso daga ƙasa, kamar na mai haska haɓarsa da tocila, yana juya inuwar fuska saɓanin yadda ido ya saba, shi ya sa ake yi wa boka da aljani shi. Hasken da ya sauko daga sama kuma yana cika kwarmin ido da duhu. A fim ɗin The Godfather na 1972, mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya haska jarumin fim ɗin, Marlon Brando, ta sama, har ya zama sau da yawa ba a ganin idanunsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, wanda aka ɓoye maka idonsa an hana ka tambayar.

Mai kaifi ne ko mai laushi? Dubi bakin inuwa. In ta yanke tsaf kamar an ja layi, haske mai kaifi ne, yana fito da tamoji da gumi da kowane tabo. In ta narke a hankali, mai laushi ne, yana gyara fata, shi ya sa ake lulluɓe amarya da masoya da shi.

Nawa ne duhu, nawa ne haske? A nan akwai dabara mai sauƙi: buɗe hoton da ka ɗauka a waya, ka mayar da shi baƙi da fari. Launi zai gushe, ya bar maka taswirar haske zalla. Wurin da ya fi ko'ina fari, can ido zai fara sauka, kuma can darakta yake so ka duba. In mutum biyu suna magana amma ɗaya ya fi ɗaya haske, rubuta wanene. Wani lokaci za ka tarar ba fuska ce ta fi haske ba, ambulan ce a kan tebur ko ƙofar da ke bayansu.

Wane launi ne? Haske yana da launi ko da ido bai lura ba. A ma'aunin Kelbin da masu kyamara ke amfani da shi, kyandir bai kai 2,000 ba, fitilun sitidiyo irin na da suna 3,200, hasken rana kuma wajen 5,600. Ba sai ka haddace ba. Abin riƙewa shi ne ƙaramar lamba tana ja zuwa ruwan goro, babba tana ja zuwa shuɗi. Fitilar ƙwai da aci-balbal da wutar murhu suna ba da ruwan goro, mu kuma mun saba haɗa shi da hirar dare da gidan kaka. Fitilar sola da ta caji fari fat suke bayarwa mai ɗan shuɗi. Saboda haka in fim ya ce labarinsa na zamanin da ne amma ɗakin yana haske fari mai sanyi, an samu matsala ko an yi da gangan, sai ka bincika wanne ne.

Akwai abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tsaka kusan a tsakar ka take a yawancin shekara, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta ma daidai saman kai. Duk wanda aka ɗauka a fili tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu idanunsa za su faɗa duhu, goshinsa ya yi ƙyalli, musamman in fatarsa baƙa ce kuma yana sanye da farar shadda, domin kyamara za ta bi farin kayan ta bar fuskar. Kada ka yi saurin cewa an yi wa wannan mutum hasken mugu. Wataƙila lokacin da aka samu ke nan. Mai ɗaukar hoto da ya san aikinsa yakan jira hantsi ko la'asar sakaliya, ko ya kai 'yan wasa gindin bishiya ya sa a riƙe farin allo yana mayar musu da haske a fuska. Hazon hunturu kuma yana tausasa rana ya shafe nesa, ya bar komai fari-fari. In ka ga haka, ka san lokacin da aka yi ɗaukar, sai ka duba ko labarin ya ci moriyarsa.

Dare ma ka lura da shi. In ka ga an ce dare ne amma inuwar mutane a ƙasa gajera ce mai kaifi, sama kuma tana da haske, da rana aka ɗauka aka rage hasken aka zuba shuɗi wurin tacewa.

5. Sutura

A nan mai nazarin fim ɗin Hausa ya fi baƙo sa'a, domin ya san harshen tufafin tun yana yaro. Matsalarsa ita ce sabo: ya saba gani har ya daina lura. Saboda haka bi mutum daga sama zuwa ƙasa, kamar mai lissafin kayan lefe.

Fara da kai. Hula zanna ce mai tsada, ko kube, ko jar dara, ko haɓar kada, ko hular sanyi? An kafa ta daidai ko an karkata ta gefe, ko an tura ta ƙeya? Saurayin da ya shiga gaban surukinsa ba hula ya faɗi wani abu tun kafin gaisuwa. In rawani ne, dubi naɗin. A Kano rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, don haka in ka gan shi a kan wani attajiri ko malami a fim, ko dai mai kula da sutura bai bincika ba, ko ana nuna mutum mai shiga rigar da ba tasa ba. Dubi amawali, an ja shi ya rufe baki ko an sauke. Dubi wa ke da alkyabba, su wa ke cikin ja da kore irin na dogarai. Ga mace, ɗaurin ɗankwali, girman mayafi da inda aka yafa shi, hijabi iya gwiwa ko har ƙasa, abaya, niƙabi, duk matsayi ne da shekaru da irin gidan da ta fito.

Sauko jiki. Babbar riga mai aiki irin aska takwas ba ɗaya take da kaftani mai ɗinkin keke ba, kuma 'yar shara ba jamfa ba ce. Yadi fa? Shadda mai maiƙo da sabon guga, leshi, atamfa mai tsada, ko yadi mai arha da ya sha wanki? Daga nan dubi yanayin kayan, don ya fi irinsu faɗin gaskiya. Sau da yawa za ka ga manomi a fim da riga mai faci amma karin guga yana nan a hannunta, ko almajiri da tsumma mai tsabta fes. Ƙarasa da takalmi, agogo, zobe, lalle, carbi, waya. Takalmi ne aka fi mantawa, wurin masu shirya fim da wurin masu nazari duka.

Bayan ka gama da mutum ɗaya, jera hotunansa uku ka duba abin da ya canza. Mayafin ya ƙara girma ko ya ragu? Launi ya tashi daga mai haske zuwa mai duhu? Sannan kwatanta shi da wanda ke tsaye kusa da shi: wa ya fi ado, wa ya saje da bango, wa ya yi anko da wa.

Babban kuskure a nan shi ne ɗauko jadawalin ma'anar launi daga intanet a ɗora wa kowane fim: ja haɗari ne, fari tsarki ne, baƙi mugunta ne. Launi ba shi da ma'ana ɗaya a duniya. A finafinan Indiya da ke nuna al'adar Hindu, amarya ja take sawa, matar da mijinta ya mutu kuma fari. Jan garin da ke tsagar gashin mace alamar aure ce, shi ya sa goge shi yake zama babban al'amari a fitowa. A Turai da Amurka amarya ce ke sa fari, masu makoki su sa baƙi. A wurinmu fari kayan Juma'a ne da Idi da angwanci, kuma shi ne likkafani. Baƙar abaya kuwa ba ta nufin an yi mutuwa. Ma'anar da za ka dogara da ita biyu ce: wadda al'adar masu fim ɗin ta sani, da wadda fim ɗin ya gina da kansa ta hanyar maimaitawa. Wani lokaci fim yakan ware launi ɗaya ya ɗora masa nauyi. Schindler's List na 1993 kusan dukansa baƙi da fari ne, sai ga wata yarinya da jar kwat a cikin taro. Jan ya yi aiki ne saboda babu wani launi kusa da shi.

6. Wuri

Tambayar farko: na wane ne wurin nan, kuma wa aka yarda ya shiga? Gidan Bahaushe na gargajiya a tsare yake mataki-mataki: ƙofar gida, zaure, tsakar gida, ɗakunan mata, turakar maigida. Inda aka tsayar da baƙo yana nuna matsayinsa. Saurayin da ke zance a ƙofar gida a tsaye, da wanda aka shimfiɗa wa tabarma a zaure, da wanda aka shigar falo aka kawo masa lemo, ba matsayinsu ɗaya ba a wurin iyayen yarinya. Namiji baligi da ba muharrami ba a tsakar gidan matan aure kuwa, ko dai labari ya kai wani wuri mai zafi, ko darakta ya yi sakaci. A gidan zamani get da maigadi sun karɓi aikin zaure, matattakalar bene kuma ta zama wurin nuna iko: lura da wanda ke magana daga sama da wanda ke ɗaga kai daga ƙasa. Haka zama: wa ke kan kujera, wa ke kan kafet, wa ya durƙusa.

Sai kayan da ke cikin wurin. Lissafa biyar da ka fara gani. Jeren kwanuka da gado mai rumfa suna faɗin zamani da irin gatan da aka yi wa mai ɗakin. Allo da buzu da gafaka, kalandar ɗan siyasa, hoton aure a bango, randa, firij, rumbu a bayan danga, duk shaidu ne. Abin da babu ma shaida ne: falo mai faɗi da kujerun alfarma amma ba hoto ko ɗaya na masu gidan, ba takalmin yaro, ba abin da ke nuna ana kwana ana tashi a ciki.

Duba faɗi da ƙunci. Mutum ya cika hoton ne ko wurin ya haɗiye shi? An ɗauko shi ta tsakanin ƙarafunan taga, ko ta bakin ƙofa, yadda ginin ya kewaye shi? Akwai hanyar fita a bayansa ko bango ne?

In fim ɗin na tarihi ne, aikinka ya ƙaru. Nemi kwanon rufi, wayar lantarki, bulo na siminti, bokitin roba, takalmin roba. In kana son abin gwaji, nemi Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka ga yadda aka nuna gini da tufafin ƙarshen ƙarni na 19. Wanda ke Kano ya leƙa gidan tarihi na Gidan Makama ya ga azara da ginin ƙasa da idonsa, zai daina ruɗuwa da katangar siminti da aka shafa wa jar ƙasa.

7. Tace niyya daga larura

Ba duk abin da ke cikin hoto ne aka zaɓa ba, musamman a masana'antar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ɗan wasa da kayansa yake zuwa, wani lokaci kuma shagon da ke neman talla ne ya ba da su, shi ya sa za ka ga 'yar aiki da leshin da uwar ɗakinta ba ta da shi. Gidajen ɗauka haya ake karɓa ko aro, har mai yawan kallo yakan gane falo ɗaya a finafinai daban-daban. Akwai kuma doka. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, shigar 'yan wasa tana cikin abin da ake dubawa. Saboda haka in ka ga mace ita kaɗai a ɗakin kwananta da dare da cikakkiyar shiga, kada ka rubuta cewa ana nuna kamun kanta ne. Kowace jaruma haka za ta fito, ta kirki da ta banza.

Gwaji uku nake yi kafin in yarda abu da niyya aka yi shi. Ya maimaitu? Ya canza daidai lokacin da labari ya canza? Kyamara ta tsaya a kansa, ko wani ya taɓa shi, ko an ambace shi? In ya ci biyu daga ciki, ina rubuta shi da ƙarfin gwiwa. In ɗaya ya ci, sai in ce "ana iya fahimtarsa da cewa". In bai ci ko ɗaya ba, ina barinsa, ko in ambace shi a matsayin tasirin da ya yi wa mai kallo ba tare da na jingina wa darakta ba. Wannan na ƙarshe halal ne a nazari: abin da aka yi bisa larura ma yana aiki a idon mai kallo, sai dai ba a yaba wa mutum hikimar da bai yi ba.

8. Haɗa ukun, ka mayar da sauti

Yanzu dubi gidajen uku a jere, ka tambaya: bakinsu ɗaya ko suna saɓawa? A ce fim ne na kishiya. A fitowar farko uwargida tana tsakar gida da hantsi, atamfa mai haske, yara na kewaye da ita. A ta biyu, daren da aka kawo amarya, ta ci ado fiye da kowa, leshi da sarƙa da lalle, amma tana zaune a bakin gado a ɗakinta, fitila a kashe, hasken da ke kanta na tsakar gida ne da ya ratso labule. Sutura tana cewa ta yi na'am, haske da wuri suna cewa an fitar da ita daga tsakiyar gidan. Irin wannan saɓani shi ne abin da ya fi daraja a nazari, ya fi inda komai ya tafi hanya ɗaya, kamar mugu da baƙaƙen kaya a ɗaki mai duhu.

Sai ka kunna sauti ka sake kallo. In tana cewa "ba komai, Allah ya ba mu zaman lafiya" alhali rabin fuskarta a duhu, ka samu abin rubutawa. In kuma maganar ta faɗi duk abin da hoto ya riga ya nuna, wannan ma abin lura ne: darakta bai amince da hotonsa ba, ko bai amince da mai kallo ba.

9. Rubutawa

Kowane sakin layi ya ɗauki abu uku a jere: abin da ka gani da lokacinsa, abin da ka kwatanta shi da shi, da abin da ka fahimta. Misali: "A minti na 41, an haska uwargida daga gefe guda ta labule, ɗakinta a duhu, saɓanin minti na 6 da take cikin rana a tsakar gida. Adon da ta yi ya fi na kowace fitowa, amma ba wanda ke ɗakin da zai gani. Fim ɗin ya nuna kaɗaicinta ba tare da ta yi kuka ba." Kada ka ba da labarin fim fiye da layi uku, mai karatu ko ya kalla ko zai kalla. Kada ka ce "hasken ya yi kyau" ka tsaya. Faɗi me ya yi.

Saka hoto biyu ko uku kusa da juna, da lokacin kowanne a ƙasansa, don mai karatu ya duba ya yarda ko ya musa. Ambaci sunan mai ɗaukar hoto da mai kula da sutura in an rubuta su a ƙarshen fim, domin yawancin abin da ka nazarta aikin hannunsu ne. In kana rubuta wa makaranta, ƙara shekarar fim da kamfanin da ya shirya shi da inda ka samo kwafin, saboda lokacin da ka rubuta zai iya bambanta tsakanin kwafin YouTube mai talla a farko da wanda aka haska a talabijin.